FILIN 'YAN MATA: Motar da Iska Ke Dannewa Ƙasa

Wasiƙunku da saƙonninku duk suna iso ni a nan Kebbe, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wadda ba ta ga amsar tata ba ta ƙara haƙuri, layi ne, zai zo kanta.

A wannan watan zan ɗan ajiye zancen kwalliya da girki da rikicin samari, in ɗauko muku zancen mota. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, kamar yadda tsofaffinmu na nan kan ce, "Mi yah haɗa ɗiya macce da ƙarhe?" To 'yar uwa, dakata ki ji. Mota ce ke kai ki makaranta ta dawo da ke hutu, mota ce ke kai amarya ɗakinta, a mota saurayi ke zuwa zance in yana da hali, in ba shi da hali ya aro. Kuma duk mai karatun littattafan soyayya ta san yadda ake kwatanta gwarzon labari: ya fito ransa a ɓace, ya faɗa dalleliyar motarsa, ya fige ta a guje, ƙura ta turnuƙe, ya zo ƙofar gidan su yarinya ya ja wani wawan birki har tayoyi suka yi ƙara. A takarda abin da daɗin karantawa. A kan titi kuwa, wa bai taɓa jin rakiyar amarya ta koma zaman makoki ba, don kawai samari sun mai da hanya filin tsere? Shi ya sa na ce bari mu je wurin mutanen da gudu ne sana'arsu, mu ga abin da ke riƙe da motarsu a ƙasa, sannan mu dawo mu dubi tamu.

WACE IRIN MOTA CE?

Mu a nan yankin, tseren da muka saba da shi shi ne sukuwar dawaki da Sallah, sai kuma tseren motoci da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu, kamar wanda aka taso daga Abuja a 2020. Amma waɗancan motoci ne irin na kan titi. Tseren da ya fi kowane suna a duniya shi ne wanda ake kira Fomula Wan, wanda aka fara gasarsa ta duniya a 1950 a filin Silverstone da ke Ingila.

Motar wannan tsere in kin gan ta sai ki ce fara ce aka yi wa tayoyi. Kujera ɗaya ce tal a cikinta. Tayoyinta huɗu duk a waje suke tsirara, ba abin da ya rufe su. Tsayinta daga ƙasa bai kai mita ɗaya ba, direban kusan a kwance yake, ƙafafunsa a miƙe gaba. A dokar 2025, nauyinta har da direba kilo 800 ne, ban da mai, alhali ƙaramar motar gida ta wuce kilo dubu nesa. Injinta tun daga 2014 mai lita 1.6 ne, wato girmansa bai fi na ƙananan motocin da ke yawo a gari ba, amma da taimakon batir yana ba da ƙarfin dawaki wajen 1,000. A 2016 a ƙasar Meziko an auna wani direba mai suna Valtteri Bottas yana gudun kilomita 372 a awa. Ko a gudun 300 ma, mota na cin mita 83 a daƙiƙa guda, wato kafin ki ce "kwabo" ta kusa ƙare filin ƙwallo. Daga Sakkwato zuwa Tambuwal, da yake kimanin kilomita 100 ne, minti 20 ya ishe ta. Ikon Allah!

Sai dai fa gudu a miƙaƙƙiyar hanya ba shi ne wahala ba. A kwana ake cin tsere, a kwana kuma ake mutuwa. Duk girman mota, abin da ya taɓa ƙasa a jikinta ɗan wuri ne a ƙarƙashin kowace taya. In taya ba ta kama titi sosai ba, ana karya sitiyari mota za ta zame ta wuce daji. Ɗauki tasa ki ajiye a kan siminti, ki tura ta da yatsa, za ta sulale. Ki sa wata ta danne ta da tafin hannu, ki sake turawa, za ki ji ta kafe. Haka taya take, gwargwadon dannin da aka yi mata, gwargwadon kamunta. To da me za a danne? In aka loda wa mota buhunan gero ta dannu kam, amma ta yi nauyi, ba gudu, kuma nauyin nan ne zai fizge ta waje a kwana. Abin da injiniyoyi suka nema shi ne hannun da zai danne mota ba tare da ya hau ta ba. Suka same shi a iska.

DARASI DAGA KWANON ƊAKI

Duk wadda ta tashi a Kebbe ko Tambuwal ta san iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura kafin ruwa ya sauko. Washegari sai ki ji ana jajen wane, iska ta yaye masa kwano. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa kwanon sama yake yi, bai rufto cikin ɗaki ba? Dalili shi ne iskar da ke wucewa a guje ta bisa rufin matsinta raguwa yake yi, ita kuwa ta cikin ɗaki tana nan zaune da ƙarfinta, sai ta tura kwanon sama. Shi ya sa magidanta ke jera duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan rufi.

Ki gwada da kanki. Yago doguwar takarda siririya daga tsohon littafi, ki riƙe bakinta a ƙasan leɓenki, ki hura iska ta samanta. Maimakon ta ƙara lanƙwasa ƙasa, za ki ga ta ɗago. Ko kuma ranar da kuke shiƙa ana iska, ki riƙe faifai a kwance, ki ɗan ɗaga bakinsa na gaba, za ki ji yana neman tashi daga hannunki. Ki sunkuyar da bakin, za ki ji iska na danna shi ƙasa. Faifan nan bai canza ba, karkatarsa ce kawai ta canza.

Fiffiken jirgin sama haka yake aiki, yana karkata iska ƙasa, ita kuma ta ɗaga shi sama. Masu motar tsere sai suka ɗauki fiffiken suka kifa shi, suka liƙa ɗaya a hancin mota, ɗaya a bayanta. Yanzu yana watsa iska sama, ita kuma tana danna mota ƙasa. Ga kuma lissafin da nake so kowace ɗaliba ta riƙe, don za mu sake buƙatarsa a gaba: in gudu ya ninka sau 2, ƙarfin iska sau 4 yake ninkawa. In gudu ya ninka sau 3, ƙarfin ya ninka sau 9. Saboda haka dannin da mota ke samu a gudun 300 ya ninka na gudun 100 sau tara. Kafin ma ta kai gudun 200, iska na danna ta da ƙarfin da ya wuce nauyinta gaba ɗaya. Shi ya sa masana ke cewa, a lissafi, da za a kifa titi ya koma rufi, motar za ta iya gudu a manne da shi kamar tsaka, ba ta faɗo ba.

BA A RANA ƊAYA AKA GANO BA

A 1968 aka fara ganin fukafukai a jikin waɗannan motoci. Da aka ga amfaninsu sai kowa ya shiga gasar ɗaga nasa, aka riƙa kafa su a kan dogayen sanduna sirara don su sami iska mai kyau a sama. A 1969 a birnin Basalona na ƙasar Sifen, sandunan motoci biyu na kamfanin Lotus suka karye ana cikin gudu. Dannin ya ɓace nan take, Graham Hill da Jochen Rindt suka yi mummunan karo a wuri guda, Allah ya yi da sauran kwanansu. Daga nan hukumar tseren ta hana dogayen fukafukai.

A 1977 mai kamfanin na Lotus, Colin Chapman, da injiniyoyinsa suka fito da wata dabarar da ta fi. Kin lura in ana iska, a cikin siririn lungu ta fi gudu fiye da a fili? To sai suka sassaƙa cikin motar, wato ƙarƙashinta, ya zama lungu mai matsewa a tsakiya ya buɗe a baya. Iska na shiga sai ta ƙara sauri, matsinta ya ragu, mota ta tsotsu ƙasa kamar an yi mata ƙaho. Suka kuma sa wasu labulaye masu tauri a gefe da gefe suna shafar titi, don kada iskar waje ta kutso. Da irin wannan mota Mario Andretti ya zama zakaran duniya a 1978. A wannan shekarar ne ma kamfanin Brabham ya zo da mota mai ƙatuwar fanka a baya tana zuƙe iskar ƙarƙashi. Niki Lauda ya ci tsere ɗaya da ita a Suwidin, aka yi ta ƙorafi, suka janye ta.

Dabarar lungun tana da haɗarinta. In mota ta taka tudu ta ɗan ɗago, iska ta shige, duk kamun sai ya tafi a lokaci guda, a tsakiyar kwana. Don haka a 1983 aka ce kowa ya mai da ƙarƙashin motarsa shafaffe. Sai a 2022 aka dawo da dabarar, ba labulaye, nan ma ta zo da tata rigimar: mota ta tsotsu har ta kusa taɓa ƙasa, iska ta toshe, ta saki, ta sake tsotsuwa, haka za ta yi ta tsalle-tsalle kamar mai sukuwa a kan jaki. A tseren Baku na wannan shekarar da ƙyar Lewis Hamilton ya fito daga motarsa yana dafe da baya. Dokar 2026 ta sake rage wannan lungu. Kun ga ke nan, ko manyan masana sai an gwada suke sanin na ƙwarai.

KOMAI DA KUƊINSA

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Fiffiken da ke danne mota a kwana, shi ne kuma ke riƙe ta baya a miƙaƙƙiyar hanya, don iska na turjewa a jikinsa. Ga tayoyi a waje suna ta dama iska. Abin mamaki, wajen ratsa iska sumul motar gida ta fi motar tsere nesa ba kusa ba. Da gangan suka yarda da wannan asara don su sami kamun ƙasa. Kun ga mai sukuwa yana kwantawa a wuyan doki, ko ɗan kabu-kabu ya sunkuya in ya buɗe wuta? Turjiyar iska suke ragewa, ko ba su san sunanta ba.

Saboda haka kowane fili da irin fiffikensa. A Monako, inda ake tsere a cikin gari kwana kan kwana, manya ake sawa. A Monza ta Italiya, inda hanya ke miƙe, sai a sa sirara kamar wuƙa. A birnin Meziko kuwa, da yake a kan tudu yake sama da mita 2,200, iskar ba ta da kauri, ko an sa babban fiffike dannin kaɗan ne, turjiyar ma kaɗan ce. Dalilin da ya sa a can Bottas ya yi wancan gudu ke nan.

Akwai kuma ruwan wanda ke biye. Mota in tana gudu tana barin wani rami na iska a bayanta, wanda ya lafe a ciki sai ya ji gudu ya yi masa sauƙi. Irin wannan ne ke sa in tirela ta wuce ki a hanyar Jega ki ji kamar ana jan gyalenki ya bi ta. A miƙaƙƙiyar hanya wannan riba ce ga na baya. A kwana kuwa asara ce, don iskar da ta gaba ta bari hargitsattsiya ce, fiffiken na baya ba ya samun abin kamawa. Don a sauƙaƙa wucewa, daga 2011 zuwa 2025 an yarda wanda ke bin wani da tazarar da ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ba ya buɗe fiffikensa na baya kamar taga a wasu wurare. A dokar 2026 kuwa fukafukan gaba da na baya duka motsi suke, su kwanta a miƙe, su tashi a kwana.

SU WA KE WANNAN AIKI?

Direba ɗaya muke gani a hoto yana ɗaga kofi, amma a bayansa akwai ɗaruruwan mutane, a manyan kamfanoni har wajen dubu. Suna da wani dogon zaure da ake hura iska a ciki da ƙatuwar fanka. Sai a ƙera 'yar ƙaramar motar, kashi 60 cikin 100 na girman ta gaske, a ɗora ta a kan bel mai gudu kamar titi, a auna yadda iska ke bi da ita. Wani lokaci a shafa wa ta gasken wani fenti mai ruwa-ruwa, ta zaga fili ta dawo, a duba zanen da iska ta yi a jikinta kamar mai duba kamun lalle. Tun 2021 ma awon lokaci ake yi musu a wannan zaure, wanda ya zo na ƙarshe a gasa ya fi na ɗaya samun lokaci, don kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi. Wanda ya fi kowa suna a wannan fage, Adrian Newey, ilmin jiragen sama ya karanta a jami'ar Southampton, kuma an san shi da zane da fensir a kan allo, duk da kwamfutocin da suka cika ofis.

Kada ku ce abin na Turawa ne kawai. Namu na gida, Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato ne. Ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi birnin Detroit na Amurka ya gama karatun zanen mota a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Shi ya zana samfurin motar lantarki Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Kafin a fara sayar da ita a ƙarshen 2010, sai da aka shigar da ita zauren iska aka sassauta kusurwoyinta, domin mota mai batir duk turjiyar da ta sha nisan tafiyarta ke raguwa. Daga baya ya dawo gida ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023.

Mata fa? Wata 'yar Italiya, Lella Lombardi, ta tuƙa a wannan gasa har ta sami rabin maki a Sifen a 1975. Hannah Schmitz, wadda ta karanta injiniyanci a Kambirij, ita ta tsara wa Max Verstappen lokacin canjin taya a Hangari a 2022, ya taso daga na goma ya zo na ɗaya, ya fito ya yaba mata a gaban duniya. A 2025 wata Bajamushiya, Laura Müller, ta zama mace ta farko da aka damƙa wa aikin injiniyan tsere na direba guda a kamfanin Haas, ita ce muryar da ke kunnensa tana ce masa yi kaza, bar kaza, shi kuma yana bi. Waɗannan injiniyoyi biyu daga ajin lissafi da fiziks suka taso, ajin nan da wasunku ke zamewa su koma bayan aji suna kitso.

DA ME SUKE TSIRA?

Wahalar da jikin direba ke sha ba kaɗan ba ce. In ya taka birki ko ya shiga kwana mai zafi, ƙarfin da ke fizgarsa kan kai nauyin jikinsa sau 5. Dubi wuyansu a hoto, kamar na masu dambe, motsa jiki ne na kullum. Faifan birkinsu na kabon ne, zafinsa kan kai digiri 1,000 har ya yi ja. Tayarsu ta rani sumul take ba zane, roba ce mai laushi da ke danƙo in ta ɗau zafi wajen digiri 100, kuma ba a gama tsere da ita sai an canza. In ruwa ya sauko a sa mai zane. Don Allah kada wani ya nuna miki sanƙon tayarsa ya ce irin ta 'yan tsere ce, tasa cinyewa ta yi! Wajen canjin taya mutum kusan 20 ke rufar wa mota, a 2023 a Katar ma'aikatan McLaren sun canza duka huɗun cikin daƙiƙa 1.8.

Duk da haka an yi asarar rayuka kafin a zo nan. Ran 1 ga Mayu 1994 Ayrton Senna na Birazil, zakaran duniya har sau uku, ya mutu a filin Imola na Italiya, kwana ɗaya bayan mutuwar Roland Ratzenberger a wannan filin. Ba su ce ƙaddara ce suka naɗe hannu ba, kowane haɗari sai sun bi shi dalla-dalla sun gyara abin da ya jawo shi. Akwatin da direba ke zama a ciki na zaren kabon ne tun da McLaren ta fara a 1981, ga sauƙi ga tauri. Bel ɗinsa mai harshe shida ne. Kayan jikinsa ba sa kama wuta da wuri. Tun 2003 akwai abin da ke ɗaure hular kwanonsa da kafaɗa don kada wuya ya karye. A 2018 aka ƙara wani baka na ƙarfen taitaniyom a saman kansa, nauyinsa wajen kilo 7 ne amma yana ɗaukar tan 12, wato buhu 120 mai kilo ɗari-ɗari. A 2020 a Baharain motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta. Ya yi kusan daƙiƙa 28 a cikin wutar, ya fito da ƙafarsa, hannuwansa kawai suka ƙone. Shi da a da yake sukar wannan baka, da bakinsa ya ce shi ya cece shi. Sannan ki tuna filin nasu a killace yake, kowa gaba ɗaya ya nufa, ba rami, ba jaki, ba yaro mai tsallaka titi, ga likitoci a mota suna bin su a zagayen farko, ga jirgi mai saukar ungulu yana jira.

MU DAWO GIDA

To 'yar uwa, motar da za ta kai ki biki, wanne take da shi a cikin waɗannan? Yawancin motocin gida siffarsu irin ta kwanon ɗaki ce, iska na bi ta bisa ƙoƙon bayansu, in gudu ya yi yawa sauƙi suke ƙarawa, kamun tayarsu ya ragu. Ko Jamusawa da ƙwarewarsu, sai da kamfanin Audi ya janye motarsa TT a wajen 1999 zuwa 2000 ya ƙara mata ɗan fiffike a baya, bayan haɗurran da aka yi da ita a babban gudu. Wancan kuwa sabuwar mota ce a titin Turai. Tamu fa, ta hannu, da taya ta hannu, a kan kwaltar da ta sha ranar bazara, mutum shida a kujerar mutum uku, ga akwatunan amarya a but? Fiffiken roba da samari ke liƙawa a bayan mota kuwa, ado ne kawai.

Ku tuna lissafinmu na ɗazu, yana aiki a kan birki ma. Mai gudun 120 yana buƙatar nisan tsayawa sau 4 na mai gudun 60, in kuma karo ne ƙarfin bugun sau 4 ne. Kafin ma ƙafarsa ta kai kan birki, a daƙiƙa ɗayan da zai yi yana mamakin ganin saniya, ya ci mita 33. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tafiyar kilomita 100 a gudun 80 minti 75 ce, a gudun 120 minti 50. Minti 25 ke nan aka samu, aka kuma ninka nisan tsayawa fiye da sau biyu. Wace amarya ce ɗakinta zai gudu cikin minti 25? Sauri dai ya haifi nawa.

Don haka shawarata guda uku ce. In kin shiga mota ki ɗaura bel, ko ƙawaye za su ce ƙauyanci ne ko iyayi, ko zai yamutsa miki gugar atamfa. Zakaran duniya ma ba ya tashi sai an ɗaure shi tamau. Na biyu, ki buɗe baki. Kunya adon ɗiya mace ce, amma ba a kan ranki ba. In na haya ne ki ce, "Malam direba, don girman Allah a sassauta, akwai yara a ciki." Za ki ga iyaye mata na cikin motar sun goya miki baya, dama kowa jira take wata ta fara. In ya ƙi, ki sauka a gari na gaba. In kuma masoyinki ne yake son ya burge ki da totur, ki ce masa cikin lumana, "Yaya, ni in kana so ka burge ni, ka kai ni lafiya." Wanda bai ji wannan roƙo ba tun ana zance, ki yi tunani a kan abin da zai ji bayan an ɗaura. Ku kuma ƙawayen amarya, ku daina yi wa masu wasa da mota guɗa da tafi, don ku suke yi.

Na uku na ƙannena ne 'yan aji uku da za su zaɓi ɓangare. Wadda Allah ya ba ta kan lissafi kada ta bari a tsorata ta da cewa kimiyya ta maza ce. Iskar da ke yaye kwano a Kebbe ita ce dai ake aunawa a zauren gwaji a Ingila, dokarta ɗaya ce. Wadda ta iya wannan doka za ta iya zana mota, za ta kuma iya zana rufin da ba zai tashi ya bar iyayenta a ruwa ba. Tun tseren Afirka ta Kudu na 1993 har zuwa 2025 ba a sake kawo Fomula Wan nahiyarmu ba. Ranar da za a dawo da shi, ina fata a sami 'yar Sakkwato a cikin masu riƙe da lissafin.

Aikin gida na wannan wata: kowa ta yi gwajin takardar nan, sannan ta riƙe takardu biyu a tsaye kusa da juna ta hura iska a tsakaninsu. Rabuwa za su yi ko haɗuwa? Ku rubuto min abin da kuka gani da dalilinsa, wadda ta fi bayani mai kyau zan sa amsarta a fili na gaba. A gaida su Inna da su Goggo, a kuma dage da karatu. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowace amarya ɗakinta lafiya, amin.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa. Taku har kullum, daga Kebbe.